Kwafin Ranar Talata

Abin ya fara ne ranar Talata, sha ɗaya ga watan Maris, da ƙarfe shida saura minti ashirin na yamma. Wannan ba kintace ba ne. A rubuce yake a jikin wata 'yar farar takarda, da hannun mutumin da bai taɓa rubuta lokaci ba sai ya dubi agogo sau biyu.

Mutumin mai gyaran kwamfuta ne. Shagonsa a jikin gidansa yake, ɗaki guda mai ƙofa biyu, ɗaya ta titi, ɗaya ta tsakar gida. Shekara ashirin da shida ya yi a kan kujera ɗaya, gaban wani dogon tebur mai aljihu huɗu, da fitila mai lanƙwasasshen wuya, da buroshin share ƙura, da sukudirebobi a jere daga babba zuwa ƙarami. 'Yan unguwa Kwafi-Biyu suke ce masa, har a gaban idonsa, domin ba ya kwance ko sukuru ɗaya a kwamfutar mutum sai ya kwafe duk abin da ke cikinta a faifan ajiya, ya sake dubawa, ya manna takarda mai rana da lokaci, ya sa a aljihun tebur ya kulle. In aka kawo masa wadda ta rikice, tambayoyinsa uku ne, kullum su ne: "Me ka ɗora mata? A ina ka samo? Ka karanta abin da ta tambaye ka kafin ka danna?" Yawanci mai kwamfutar sai ya sosa ƙeya, shi kuma ya ja numfashi ya jawo fitila.

Su huɗu ne a gidan. Da shi, da matarsa wadda kowa ke kira Mama, da babban ɗansu, da autarsu mace. Autar ce ta fara kiran wanta Yaya tun tana rarrafe, sai gidan duka ya ɗauka, har uban. Tana shekarar ƙarshe a karatunta, tana rubuta kundin bincike a kan ruwan sha. Shekara biyu ta yi tana yawo da kwalabe, ta auna ruwan rijiya arba'in da biyu, kuma duk alƙaluman suna cikin wata 'yar kwamfutar cinya da uban ya saya mata ta hannu, ya sake mata fanka da batir da kansa.

Yaya kuwa a gaban teburin nan ya tashi. Yana shekara tara uban ya ba shi wani ƙaramin sukudireba mai rawayan mariƙi, ya kama yatsunsa ya nuna masa yadda ake juyawa ba tare da an cinye kan sukuru ba. Ya girma, ya tafi karatu, ya dawo da abubuwan da uban bai sani ba. Masu kawo gyara suka fara leƙowa suna cewa, "Sannu Baba, yaron yana nan?" Tsohon ya shanye wannan. Har yakan ce alhamdu lillahi, kuma a lokacin da gaske yake.

Abin da ya kasa shanyewa ƙarami ne. A watan Janairu Yaya ya goge tsohuwar babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfutar Auta, wadda uban ya ɗora da hannunsa, ya ɗora mata wata sabuwa. Ana cin abinci Auta ta buɗe ta tana dariya.

"Baba, ka gani? Kafin ka yi bismilla ta tashi. Da kuwa sai na kunna ta, na ɗora ruwan shayi, na dawo na tarar tana miƙa."

Aka yi dariya, shi ma ya yi. Bayan kwana biyu ya ji fankar tana wata 'yar ƙara da ya san maganinta, ya miƙa hannu ya ce, "Kawo in duba." Auta ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Bar shi, Baba. Yaya zai duba."

Ya janye hannunsa ya sa a aljihu. Maganar nan ta zauna masa a ƙirji wata biyu. Yana share ƙura yana jin ta, yana alwala yana jin ta. In ya ji su biyun suna dariya a ɗakin Yaya, kansu a haɗe gaban allo, sai ya tsaya a tsakar gida da buta a hannu har ya manta inda za shi.

A babbar kasuwar kayan waya, ƙarƙashin matakalar bene, akwai wani mutum mai sayar da manhajojin sata a cikin filash-filash, 'yan ƙananan ma'ajiyar da ake sokawa a kwamfuta, da yake tarawa a gwangwani. Shekaru Kwafi-Biyu ya yi yana hana mutane zuwa wurinsa. Ranar Litinin, goma ga Maris, shi ne ya tsaya a gabansa.

"Ikon Allah," in ji mutumin. "Yau kai ne a ƙarƙashin matakalata?"

"Ina son abin da ke rage wa kwamfuta gudu. A hankali. Wanda ba ya ɓata komai, kuma ba a ganinsa."

Mutumin bai taɓa gwangwanin ba. Daga aljihun ƙirjinsa ya zaro wani baƙin filash marar tambari, ya ɗora masa a tafin hannu. Da ɗumi yake, kamar yanzu aka zare shi daga inji.

"Wannan ba na sayarwa ba ne," ya ce. "Tafi da shi kawai."

Dabarar tsohon ba ta da tsawo. Kwamfutar za ta yi nauyi mako guda, Yaya zai nema ya rasa, Auta za ta kawo wa ubanta, shi kuma ya cire abin cikin minti goma, ya miƙa mata bai ce komai ba. Iyakarta ke nan. Bai so wa kowa sharri ba. So yake kawai a sake miƙo masa.

Washegari Auta ta raka Mama dubiya, ta bar kwamfutar tana caji a kan teburinsa. Kalmar sirrinta ya sani, shi ya ba ta ita tun ranar farko, ba ta taɓa sakewa ba. Ya zauna ya buɗe. Sai hannunsa ya yi abin da ya saba yi shekara ashirin da shida, ba tare da ya shawarce shi ba: ya ɗauko faifan ajiya, ya kwafe komai, ya sake dubawa, ya dubi agogo sau biyu, ya rubuta takarda ya manna, ya kulle a aljihu na uku. Sannan ya soka baƙin filash ɗin.

Wani ɗan akwati ya fito a allo da ƙananan rubutu. Tabaransa yana ɗaki. A daidai nan ya ji motsi a ƙofar gida, da muryar Mama tana sallama da maƙwabciya. Ya danna amincewa. Akwati na biyu ya fito, ya danna. Na uku ya fito, ya danna. Ya zare filash ɗin, ya rufe kwamfutar. Da ya sa shi a aljihu ya ji ya huce, sanyi ƙalau kamar dutsen rafi.

Ana kiran magariba dutse na farko ya faɗo a kan rufin ɗakin Yaya. Sai na biyu, sai na uku. Mama ta fito tana faɗa da 'ya'yan maƙwabta ta kan katanga, amma babu kowa a bayan katangar. Yaya ya tsinci ɗaya a tsakar gida, ya yi saurin yar da shi. Ya ce da zafi.

Kwamfutar ba ta yi nauyi ba. Fankarta ce dai ta ƙi tsayawa, ko an kashe ta tana juyawa a hankali, kamar numfashin mai barci. Ranar Laraba Auta ta buɗe kundinta ta ga alƙaluman rijiya ta bakwai sun koma na ta goma sha tara. Ranar Alhamis babi na uku ya ɓace, a madadinsa layi ɗaya ne aka maimaita shafi goma sha ɗaya: Wa ya koya maka? Wa ya koya maka?

Yaya ya ce kada ta damu, akwai ajiya. Ya tsara wa kwamfutar ta riƙa kwafe kanta kowace awa zuwa wani faifai, ba sai an tuna ba, kuma yana alfahari da wannan tsari. Da ya buɗe faifan sai ya tarar ya yi aikinsa da aminci: duk awa yana ɗaukar ɓataccen yana dannawa a kan mai kyau. Babu abin da ya rage. Ya zauna ya dafe kai. Auta ta tsaya a bayansa tana cewa, "Saura mako uku in miƙa, Yaya. Saura mako uku."

Uban yana jin su daga shago. Aljihu na uku yana daidai gwiwarsa ta dama. Ya san in ya buɗe shi za a karanta takardar, a tambaye shi me ya kai kwamfutar Auta teburin gyara ranar da ba ta kawo gyara ba. Ya ce wa kansa bari ya fara cire abin tukuna. Da suka fita ya bincika kwamfutar ciki da bai, bai ga ko sunan manhajar ba. Ya soka baƙin filash a tasa kwamfutar, wayam. Ya koma ƙarƙashin matakala.

"Ni na ba ka abu?" in ji mutumin, yana sakace haƙori. "Haba Baba. Kai da kake hana mutane zuwa wurina?"

Duwatsun ba su fasa ba. Kullum da faɗuwar rana, uku-uku, kuma kullum a kan ɗakin Yaya kaɗai. Gidan ya yi shiru irin na gidan da ake jinya. Aka daina kunna rediyo. Maƙwabta suka riƙa wucewa ta ɗaya gefen titi.

Ranar Asabar da yamma Yaya ya ce zai kwance ta gaba ɗaya. Ya shimfiɗa zane a tsakar gida, ya cire batir, ya ajiye gefe. Fanka ta ci gaba da juyawa. Ya kai sukudireba zai taɓa faifan ciki, sai Auta, wadda ke tsaye riƙe da fitila, ta saki fitilar. Ta durƙusa a hankali, ta janye kwamfutar daga gabansa ta rungume a ƙirji. Da ta buɗe baki, murya ce ta namiji, mai kauri, mai jan magana.

"Wa ya koya maka riƙe sukudireba? Ɗan jiya-jiya. A da yatsunka ko sukuru ba sa iya tsinta. Yau kai ne gwani, ni na zama kujera a shago?"

Mama ta yi salati. Yaya ya ja da baya. Uban kuwa, a bakin ƙofar shago, ya san maganar nan kalma bayan kalma. Tasa ce. Bai taɓa faɗa wa kowa ba, ko a addu'a.

Daga ranar Auta ba ta sake zama daidai ba. Ta daina ci sai ruwa. Tana zaune a kusurwar ɗakinta da kwamfutar a ƙirji, idanu a buɗe. In Yaya ya doso ƙofa sai ta yi gurnani, kwanuka su zube daga kan kanta a kicin. In uban ne ya shigo sai ta lafa, har ta kwantar da kai a gwiwarsa.

"Ka gani, Baban Auta," in ji Mama tana share hawaye, "kai kaɗai take yarda da kai."

Abin kunya ne a rubuta, amma haka aka yi: da ya ji haka, wani abu mai daɗi ya ɗan motsa masa a zuciya kafin tsoro ya danne shi.

Mama kuma ta juya kan ɗanta. "Wannan sabuwar abar da ka ɗora mata, a ina ka kwaso ta? Ubanku shekara nawa yana gyara, ya taɓa jawo mana aljani gida? Kai daga dawowarka sai iyayi." Yaya ya dubi ubansa ko zai ce wani abu. Uban ya sunkuyar da kai yana goge buroshi. Labari ya zaga unguwa, masu kawo gyara suka koma cewa, "Baba, kai dai muke so ka taɓa ta da hannunka." Ya samu abin da ya nema, sai dai ba ya iya haɗa ido da ɗansa.

A kwana na goma, ranar Alhamis bayan la'asar, Mama ta kawo wani tsohon malami daga bayan tashar mota, siriri, mai magana ƙasa-ƙasa. Bai san komai game da kwamfuta ba, kuma bai nuna ya sani ba. Ya sa aka fito da Auta tsakar gida a kan tabarma. Kafin ya fara karatu ya kira Yaya.

"Ɗana, wannan na'ura, abu yana iya shiga ya zauna a cikinta ba izini?"

"Yadda na tsara ta, Malam, a'a. Sai an sa kalmar sirri, sannan an tambayi mutum ya amince."

"To," in ji Malam. "Su ma yawancinsu haka suke."

Ya zauna ya fara karatu. Ya daɗe yana yi, muryarsa ba ta hawa ba ta sauka. Inuwar katanga ta rarrafo ta rufe rabin tabarma. Fankar kwamfutar ta fara gudu, tana ƙara, tana ƙara, har ta koma kamar kuka. Sai Auta ta ɗago kai.

"Ya isa, tsoho. Kana ƙona ni."

"Wane ne kai?"

"Baƙo."

"Baƙo ba ya jifan masu gida. Fita daga jikin yarinyar nan."

"Ban hau katanga ba, ban fasa ƙofa ba. Sau uku na yi tambaya. Na ce, in zauna a nan? Aka ce e. Na ce, in taɓa duk abin da na tarar, da mai shi? Aka ce e. Na ce, in yi magana a madadinka? Aka ce e. Laifina ne in mai masaukina ba ya karatu?"

"Wa ya amsa maka?"

Bakin Auta ya yi murmushin da ba nata ba. "Ba na tona mai masaukina. Ina son sa. Ciwonmu ɗaya da shi. Ni ma ba na son a taɓa abin da yake nawa."

"Yarinyar ba taka ba ce."

"To bar mini na'urar."

"Ita ma ba taka ba ce."

Malam ya ci gaba da karatu. Auta ta sandare, jijiyoyin wuyanta suka tashi, Mama ta riƙe ƙafafunta tana kuka. Can muryar ta dawo, a gajiye.

"Na ji. Zan tafi. Amma da sharaɗi biyu. Na ɗaya, duk abin da na kwanta a kansa a cikin na'urar nan da shi zan tafi, ko harafi ba zan bari ba."

Nan take wata siririyar murya ta ɓullo ta ƙarƙashin mai kaurin, muryar Auta ta gaske, kamar daga ƙasan rami. "Rijiyoyina, Yaya. Shekara biyu." Sai ta nutse.

Malam ya rufe ido. "Rubutu ba ya kai rai. Na yarda. Na biyun fa?"

"Wanda ya karɓe ni da yatsansa shi zai sallame ni da bakinsa, ya kuma faɗi abin da ya sa ya kira ni. Yau kwanana goma. In ranar nan ta faɗi ba a sallame ni ba, na zama ɗan gida."

Duk suka dubi sama. Hasken ya rage a kan rufin ɗakin Yaya kawai, ja, kamar faɗin tafin hannu uku.

Yaya ya durƙusa gaban ƙanwarsa. "Ni ne. Ni na ɗora mata manhajar, ni na jawo. Na sallame ka, don Allah ka tafi."

Dariyar da ta fito ta sa tsuntsaye suka tashi daga bishiyar maƙwabta. "Kai? Kai ai karantawa kake yi kafin ka danna. An koya maka da kyau."

Malam bai dubi kowa ba, tasbaharsa kawai yake ja. Uban yana tsaye jikin bango. Sai ya juya ya shige shago, Mama ta bi shi da ido tana zaton ya kasa kallo ne. Suka ji ƙarar makulli, da jan aljihun tebur. Ya fito da faifan ajiya a hannu biyu, kamar mai ɗauke da ruwan zafi, ya ajiye a gaban ɗansa.

Yaya ya ɗauka ya karanta takardar a fili, domin haka aka koya masa. "Auta. Cikakken kwafi. Talata, sha ɗaya ga Maris, shida saura minti ashirin. An duba sau biyu." Ya sake karantawa a zuci. Sannan ya ɗago.

"Baba, ranar Talata ba ta kawo maka gyara ba."

"Ba ta kawo ba."

"Kwana goma yana aljihunka?"

"Yana aljihuna."

Mama ta saki ƙafafun Auta. Hasken kan rufi ya koma faɗin yatsa biyu.

"Faɗi dalili, mai masaukina," in ji muryar, a hankali, kusan da lallashi. "Ko ka yi shiru mu zauna tare. Wa ya san ka kamar ni? Kwana goma kanta yana kan gwiwarka. Ba ka ji daɗi ba?"

Tsohon ya durƙusa a kan siminti, gwiwoyinsa suka yi ƙara. Ba ɗansa ya duba ba, 'yarsa ya duba.

"Na ji daɗi," ya ce. "Allah ya yafe mini, na ji. Ni na karɓo shi a ƙarƙashin matakala, ni na soka, ni na danna ban karanta ba. Na so ta yi nauyi ne yaron ya kasa, a kawo mini. Saboda na miƙa hannu, ta ce bar shi, Baba, Yaya zai duba. Shi ke nan dalilin, babu wani. Ya fi ni iyawa, ni kuma na kasa yafe masa." Sannan ya ce wa baƙon, "Na sallame ka. Fita daga gidana, ka bar mini 'ya'yana."

"Saboda su za ka kore ni," in ji muryar, kuma a karon farko aka ji ɗaci a cikinta. "Ni da na faɗi a madadinka abin da ka kasa faɗa. To zauna da su, mu ga wanda zai sake miƙo maka."

Auta ta yi atishawa sau uku. Hannuwanta suka saki, kwamfutar ta zame kan tabarma. Fanka ta yi juyi biyu ta tsaya. Sai aka kira magariba, kowa ya saurari rufi. Babu dutsen da ya faɗo.

"Mama," in ji Auta da muryarta, "yunwa nake ji."

Malam ya tashi ya karkaɗe rigarsa. A bakin ƙofa ya tsaya kusa da maigidan ya ce, ƙasa-ƙasa, "Nawa aikin ya ƙare. Naka ne ya rage."

Washegari da safe uba da ɗa suka zauna a dogon tebur, karo na ƙarshe. Faifan cikin kwamfutar wayam yake, kamar ba a taɓa rubuta masa komai ba. Duk da haka Yaya ya cire shi ya fasa da guduma, ya sa sabo, ya ɗora babbar manhajar daga tushe, yana karanta kowane akwati a fili kafin ya danna. Uban yana miƙa masa abin da yake bukata tun kafin ya nema. Da aka zo mayar da kundin, Yaya ya miƙa hannu bai juyo ba, uban ya ɗora masa faifan. Rijiya arba'in da biyu suka dawo, kowace da alƙalumanta.

"Tsarina ya ci amanata," in ji Yaya, idonsa a kan allo. "Na aljihun tebur ne ya tsira. Da ka ce mini in riƙa ajiye ɗaya a kulle, da na ji."

"Da na ce," in ji uban.

A ƙarshen watan Yaya ya samu aiki a wani gari mai nisa. Ya durƙusa ya gai da ubansa yadda ya kamata, ya nemi albarka, aka sa masa. Bai ce yaushe zai zo ba.

Ga waɗanda suka rage a gidan.

Mama, wadda ta nemi gafarar ɗanta a bakin mota, kuma har yau in ta ajiye wa mijinta abinci ba ta zama ta jira ya ci.

Auta, wadda ta miƙa kundinta saura kwana biyu, ta ci da yabo. Ta sake kalmar sirrinta. Ta koyi share fanka da ɗora manhaja da kanta, ba ta kai wa kowa.

Faifan ranar Talata, a aljihu na uku, da takardarsa ba a ɓare ba.

Da Kwafi-Biyu, a kan kujerarsa. Har yanzu yana yi wa masu kawo gyara tambayoyi, amma biyu yake yi, ta ukun ba ta fita. Ranar da ɗansa ya tafi ya jera sukudirebobinsa da yamma kamar kullum, daga babba zuwa ƙarami, sai ya ga gurbi a ƙarshen layi. Ƙaramin nan mai rawayan mariƙi babu shi. Ya duba ƙarƙashin tebur, ya duba aljihu huɗun, ya sake dubawa. Da ya tabbata ɗansa ne ya tafi da shi, sai ya bar gurbin yadda yake, bai matso da na kusa ba.